Tarihin Taswirar Tunani Daga Bakin Mai Riƙe da Alli

Duk malamin da ya daɗe a gaban allo, ya ga yadda ɗalibai kan kwana suna haddar darasi su wayi gari rabinsa ya zube, ba zai rasa marmarin sanin asalin dabarar nan ta ajiye mas'ala a tsakiyar takarda a fitar mata da rassa ba, wadda muke kira taswirar tunani. Galibin abokan aikinmu suna jingina ta ga Tony Buzan, mutumin Ingila, wanda ya bayyana ta a talabijin na BBC a 1974, kuma haƙiƙa shi ya yayata ta, ya gindaya mata sharuɗɗa: sura a tsakiya, kalma guda bisa kowane reshe, da launuka daban-daban. Sai dai asalinta ya girme shi da ƙarnoni, domin masu sharhin Isaguji, muƙaddimar manɗiƙi da Farfuriyus ya wallafa a ƙarni na 3, sun daɗe suna zana jinsi da nau'i a siffar itace, haka kuma Ibn Farigun, a ƙarni na 10, ya tsara littafinsa Jawami'ul Ulum bisa rassa, kowane fanni da abin da ya tsiro daga gare shi.

Wanda ya fi amfanar ajinmu, a ganina, shi ne Joseph Novak na Jami'ar Cornell a Amurka. A 1972, yana bin diddigin yadda fahimtar yara game da kimiyya ke sauyawa shekara bayan shekara, sai rubutattun hirarrakin da aka yi da su suka taru har suka gagari nazari, wannan ya sa shi da almajiransa suka koma zana ma'anoni daga babba zuwa ƙarami, suna rubuta alaƙar kowane biyu a kan layin da ya haɗa su. Wannan rubuta alaƙa ita ce ke fallasa wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai. Ta wannan hanya ce Peter Okebukola ya jarraba dabarar a kan ɗaliban ilimin halittu a Legas, ya buga sakamakonsa a 1990.

Da'awar Buzan cewa zanen yana tayar da ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, wadda aka sha maimaita mana a tarukan horar da malamai, ba ta da hujja mai ƙarfi. Binciken da aka yi a Landan a 2002 kan ɗaliban likitanci 50 ya sami ƙarin tunawa matsakaici bayan mako guda, amma ya nuna himmarsu ga dabarar ta yi ƙasa. Daga baya, a 2011, Karpicke da Blunt na Jami'ar Purdue suka nuna cewa wanda ya rufe littafi ya rubuto abin da ya tuna ya zarce wanda ya zana taswira littafi na buɗe gabansa. A 2014 kuma suka tabbatar cewa zanen kansa yana ba da irin wannan fa'ida matuƙar daga ka aka yi shi. Saboda haka a darasin bita nakan sa a kife littattafai tukuna, kowa ya zana tasa taswirar, sa'annan a buɗe a cike giɓi da jan biro.