Bunsurun fadama: tsiron da hanci ya raɗa wa suna

1/ Duk wanda ya taɓa bin awaki cikin fadamun Babura a ƙarshen damina ya san tsiron nan. Ka goge shi da wando, warin ya raka ka har gida. Bunsurun fadama. Ku zo mu bi tarihin sunansa 🧵

2/ Ina ƙarami na tambayi kakata me ya haɗa ganye da bunsuru. Ta murje ganyen ta kanga mini a hanci, ta ce "Kai dai shaƙa." Ban sake tambaya ba.

3/ Sunan ya gama bayani: ga warinsa, ga inda yake fita. Dangin ɗoɗɗoya da na'a-na'a ne, taɓa karansa za ka ji kusurwa huɗu. Kuma warin da muke tsana shi ne amfaninsa. Ana sa shi a rumbu don ƙwari su bar wake, ana turara shi don sauro.

4/ Abin da ya ɗaure mini kai a jami'a: ashe baƙo ne. Masana tsirrai sun ce asalinsa nahiyar Amurka.

5/ A 1775 wani Bafaranshe, Aublet, ya rubuta shi cikin littafinsa na tsirran Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka, da sunan Nepeta americana. A 1789 Lamarck, shi ma Bafaranshe, ya kira shi Hyptis spicigera. Na biyun ne ya zauna fiye da shekara 200, shi muka haddace don jarrabawa.

6/ Sai a 2012 Harley da Pastore suka bi ƙwayoyin halittar dangin, suka mai da shi Cantinoa americana. Dokarsu ita ce tsohon suna ke gaba, shi ya sa "americana" ta dawo. Wallahi na ji haushi, haddata ta tashi a banza 😅

7/ Mu ma dai muna da namu. Masara daga Amurka ta fito, amma muka jingina ta da Masar.

8/ Damuwata: ƙannena da suka tashi a Kano ba su taɓa jin sunan ba, wake kuwa yanzu maganin kanti ake zuba masa.

9/ Da hutu na gaya wa kakata cewa bunsurunta ɗan Amurka ne. Ta ce, "To ya daɗe a nan, tun kafin a haifi ubanka."

'Yan Roni, Gwiwa da Kazaure, ku me kuke ce masa?