Harafin 和 Tsakanin Sinanci da Japananci: Tarihin Ma'anoninsa da Karatunsa

1.0 Gabatarwa

A rubutun Sinanci kowane harafi yana ɗauke da gaɓa guda da kuma ma'ana. Da Japanawa suka ari wannan rubutu, alhali harshensu ba shi da dangantaka ta asali da Sinanci, sai harafi ɗaya ya wayi gari da karatu barkatai. Wannan maƙala za ta bi diddigin harafin 和, wanda tushen ma'anarsa ita ce jituwa, domin nuna yadda siyasa ta sa hannu a cikin sha'anin rubutu.

2.0 Harafin a Ƙasar Sin

Harafin ya ƙunshi sassa biyu: 禾, wato hatsi, da 口, wato baki. Akan ji masu cewa hikimarsa ita ce idan hatsi ya shiga baki sai a sami zaman lafiya. Zance ne mai daɗin ji, amma tarihi bai goyi bayansa ba, domin sashen hatsi sauti kawai yake nunawa. Wata tsohuwar siga, 龢, tana ɗauke da hoton sarewa, abin da ke nuna cewa daga daidaituwar muryoyi ma'anar ta faro. A Sinancin Mandarin karatunsa na yau da kullum shi ne hé, da ma'anar jituwa, ko kuma mahaɗin nan "da". Ana karanta shi hè a wajen amshin waƙa, huó a wajen kwaɓa gari, da hú idan an ci wasan majan.

3.0 Yadda Ya Zama Sunan Japan

Tsofaffin littattafan Sin suna kiran mutanen tsibiran Japan da harafin 倭, wanda Japanawa ke karantawa wa. A shekarar 57 Miladiyya Sarki Guangwu na daular Han ya ba wani sarkin ƙasar Na hatimin zinariya, kuma a 1784 aka tono hatimin a tsibirin Shikanoshima kusa da Fukuoka. Matsalar wannan suna ita ce yana ɗauke da ƙamshin raini, domin akan fassara shi da mai miƙa wuya, ko ma wada. Duk da haka fadar Japan ta daɗe tana rubuta sunanta da shi, tana karanta shi Yamato.

A ƙarni na 8 al'amarin ya sauya. A 713 fada ta ba da umarnin a riƙa rubuta sunayen wurare da haruffa masu kyakkyawar ma'ana, kuma wajen tsakiyar ƙarnin sai 和 ya maye gurbin 倭, kasancewar furucinsu ɗaya ne a bakin Japanawa. Ta haka aka sami 大和, wanda har yau Yamato ake karanta shi, ko da yake babu ɗaya daga cikin haruffan biyu da ke ba da wannan sauti a karan kansa. Dabara ce ta gwaninta: an bar sauti yadda yake, an wanke suna. Daga nan harafin ya sami ma'anar da Sinanci bai haifar masa ba, wato "na Japan", kamar a washi, takardar gargajiya, da waka, waƙar Japan, da washoku, abincin da UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2013.

Karatun aro kansu sun shigo ne zango-zango. Wa ya fi tsufa, ka ya biyo baya da furucin zamanin daular Tang, sai o da ake ji a oshō, laƙabin malamin addinin Buddha. Bayan waɗannan, Japanawa sun jingina wa harafin kalmominsu na gado: yawaragu, yin laushi, nagomu, samun natsuwa, da aeru, cuɗa kayan lambu da miya.

4.0 Komawarsa Gida

A 841 kafin Miladiyya jama'a suka kori Sarki Li na daular Zhou, aka shiga zamanin da ake kira Gonghe, 共和. Masanin tarihi Sima Qian ya ɗauki kalmar a matsayin mulkin haɗin gwiwar hakimai biyu, yayin da wata tsohuwar majiya ta nuna cewa sunan mutum guda ne, He, hakimin Gong. Masanan Japan na ƙarni na 19 sun bi fahimtar Sima Qian, suka fassara "jamhuriya" da kyōwa. Sinawa suka karɓi wannan sabuwar ma'ana, har ta shiga cikakken sunan Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949.

A Japan kuwa harafin yana cikin sunan zamanin Shōwa, daga 1926 zuwa 1989, wanda a cikinsa ne Japan ta mamaye sassan ƙasar Sin, aka kuma nutsar da jirgin yaƙin Yamato a Afrilun 1945. Ya sake bayyana a Reiwa, zamanin da ya fara ranar 1 ga Mayu, 2019, sunan da gwamnati ta ce an ciro shi daga Man'yōshū, kundin waƙoƙin Japan na ƙarni na 8, saɓanin al'adar cirowa daga littattafan Sin.