Lambu a Ƙarƙashin Inuwa: Shukokin da Suka Dace da Ƙasar Dutse

Lambu mai rabin inuwa shi ne wanda rana ke haskawa kai tsaye na awa 3 zuwa 6 a yini. Irinsa ya yawaita a gidajen Dutse, inda katanga da darbejiya da mangwaro ke tare haske. Masu gida da dama kan sare bishiya domin su sami wurin shuka, alhali Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin daƙile kwararowar hamada.

Ƙa'idar zaɓe ita ce: abin da ake nomawa don ganye ko saiwa ya fi jure inuwa, abin da ake nomawa don 'ya'ya kuwa rana yake so. Latas da na'ana'a da ɗoɗɗoya da shuwaka kan yi kyau a rabin inuwa. Citta da kurkum da gwaza ma haka, muddin ƙasa ba ta bushe ba. Tumatir da tattasai da kuɓewa da zogale na buƙatar aƙalla awa 6 na rana, in sun rasa sai su yi tsawo ba amfani.

Inuwa ma iri-iri ce. Ta mangwaro da darbejiya na da kauri, kuma saiwoyinsu na kokawar ruwa da ƙananan tsirrai, don haka buhu ko tukunya ta fi dacewa a gindinsu. Dabino, wanda cibiyar bincike ta NIFOR ke da reshen nazarinsa a Dutse, kan bar haske ya ratsa ganyensa. Gawo kuwa kan zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, ya ƙara wa ƙasa taki.

Wurin da ke gabashin katanga ya fi daraja, domin yana samun hantsi, ya kuɓuta daga ranar azahar ta watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ƙasar jigawa mai yashi ba ta riƙe ruwa, saboda haka takin gargajiya da rufin ciyawa wajibi ne. Inda inuwa ta yi yawa, sassabe rassa ya wadatar, ba sai an kai ga gatari a gindi ba.