Gawa Nawa Doka Ke Jira? Nazari Kan Ma'aikatan Roba Na Luwisbil

A watan Janairun 1974 kamfanin B.F. Goodrich ya sanar da hukumomin lafiya na Amurka cewa mutum uku cikin ma'aikatan masana'antarsa ta roba da ke Luwisbil, a jihar Kentaki, sun rasu da ciwo iri ɗaya. Sankara ce mai kama jijiyoyin jinin hanta, wadda likitoci ke kira anjiyosakoma. Likitan masana'antar, John Creech, shi ya fara lura. Ba a jima ba aka gano na huɗu. Dukkansu sun shafe sama da shekara goma a sashen da ake haɗa robar PVC.

Na ɗauko wannan labari ne domin a cikinsa fannoni uku na ilimi suka yi kiciɓis: kimiyyar haɗa roba, ƙididdigar lafiya, da dokar ƙwadago. Hujjar da nake son kafawa ita ce, dokar da ta ce ba za ta kare ma'aikaci ba sai ƙididdiga ta kawo mata tabbaci daga jikin mutane, gawarwaki take jira. Kuma ko gawarwakin ba za su yi mata shaida ba idan babu wanda ya rubuta inda masu su suka yi aiki.

Mu fara da sinadarin kansa. PVC ita ce robar da ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da takalman roba. Asalinta iska ce marar launi mai suna binil kuloraid. Idan aka matse iskar ta zama ruwa, aka zuba ta a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe tare da ruwa da ɗan sinadarin da zai tayar da haɗin, sai ƙwayoyinta su riƙa kama hannun juna, ɗaruruwa zuwa dubbai, kamar 'ya'yan carbi a zare guda. Wannan doguwar sarƙa ita ake kira polima. Sarƙar da ta haɗu ba ta tashi sama kamar iska. Ƙwayoyin da suka rage ba su haɗu ba su ne dafin. Tun 1872 masanin Jamus Eugen Baumann ya ga wannan roba, amma ba ta zama hajar kasuwa ba sai da Waldo Semon, ma'aikacin Goodrich ɗin nan, ya gano yadda za a tausasa ta a 1926.

A wancan zamani, idan aka kwashe abin da aka dafa, ƙanzon roba kan manne a bangon tukunyar. Sai a buɗe wata 'yar ƙofa, mutum ya zura jiki ya sauka ciki da abin kankara a hannu, ya yi ta ɓamɓara. Duk ɓamɓarar da ya yi, iskar da ta maƙale a cikin ƙanzon tana fitowa daidai hancinsa. Tana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, amma hanci ba ya jin sa sai ta yi yawa ƙwarai, kuma idan ta kai haka jiri take sa mutum kamar wanda ya bugu. Tun cikin shekarun 1960 aka lura cewa ƙasusuwan kan yatsun wasu masu wannan aiki suna zaizayewa, yatsun su gajarce, su yi fari idan sanyi ya taɓa su. Jiki ya yi magana tun da wuri. Duk da haka iyakar da aka amince wa ma'aikaci ya shaƙa ta tsaya a kaso 500 cikin miliyan na iskar wurin aiki, ko da yake masu binciken kamfanin Dow sun ba da shawarar a sauko da ita zuwa 50 tun 1961, bayan sun ga abin da ta yi wa hantar dabbobin gwaji.

A 1970 wani likita ɗan Italiya, Pier Luigi Viola, ya bayyana cewa ɓerayen da ya shaƙa wa iskar da yawan gaske sun kamu da sankara. Sai manyan kamfanonin Turai suka ɗauki nauyin Cesare Maltoni na Bolonya ya zurfafa binciken. Zuwa ƙarshen 1972 Maltoni ya ga anjiyosakomar hanta a ɓerayen da suka shaƙi kaso 250 kacal, wato rabin abin da aka halatta wa ɗan Adam. Kamfanonin Amurka sun sami labarin, amma bisa yarjejeniyar rufe baki. Masana tarihi biyu, Gerald Markowitz da David Rosner, sun bi takardun kamfanonin cikin littafin da suka fitar a 2002, suka nuna cewa wakilan masana'antun sun zauna da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka a watan Yulin 1973 ba su ambaci wannan sakamako ba. Fiye da shekara guda ke nan sanin yana kulle a aljihun tebur, mutane kuwa suna shiga tukunya kullum. A ganina wannan ne laifi mafi girma a labarin, kuma ya isa hujja cewa binciken da ya shafi ran ma'aikaci bai kamata wanda ya biya kuɗinsa ya zama shi ke da ikon ɓoye shi ba.

To me ya sa mutum huɗu kawai suka isa su girgiza ƙasa guda? A nan ƙididdiga ta shigo, kuma ya kamata mu tsaya mu yi lissafin da kanmu. A lokacin, an kiyasta cewa wannan ciwo yana kama kimanin mutum 25 a shekara a duk faɗin Amurka, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Wato kusan ɗaya cikin miliyan takwas. Ɗauki masana'anta mai ma'aikata 500, a misali, ka bi su shekara goma. Abin da lissafi zai sa ka yi tsammani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na mutum guda ba. Sai ga huɗu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Likita ba ya bukatar kwamfuta ya gane cewa wannan ba katari ba ne.

Yanzu a juya misalin. A ce iskar nan ciwon da kowa ke yi take ƙarawa, kamar sankarar huhu ko ciwon zuciya. A ce ana tsammanin mutum 20 su mutu da shi a masana'antar, sai 24 suka mutu. Mutum huɗun dai ne, iyalai huɗu ne suka yi zaman makoki, amma babu masanin ƙididdigar da zai iya rantsewa cewa ba sauyin da aka saba gani ba ne daga shekara zuwa shekara. Ga kuma wani tarkon da masana suka daɗe da sani. Masu ƙarfi ake ɗauka aiki, wanda ya fara ciwo kuma yakan bari ya koma gida. Saboda haka idan aka gwada ma'aikata da sauran jama'a, sau da yawa sai a ga kamar sun fi kowa lafiya, ko da wurin aikin yana cin su. Sannan wannan sankara takan yi shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana, lokacin da wataƙila mai ita ya daɗe da barin aikin. Ƙarancin ciwon ne ya tona asirin binil kuloraid. Abin da ke tsorata ni shi ne sinadaran da ba su bar irin wannan sawu ba.

Doka ta yi saurin da ba a saba gani ba. Hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, wadda dokar 1970 ta kafa, ta sauko da iyakar zuwa kaso 50 a watan Afrilun 1974 a matsayin matakin gaggawa. Da gwaji ya nuna cewa ko 50 ɗin na jawo sankara a dabbobi, sai a watan Oktoba ta yanke kaso ɗaya tak cikin miliyan, a matsakaicin aikin awa takwas. Ta kuma wajabta a riƙa auna iskar, a riƙa duba lafiyar ma'aikata, a adana takardun aƙalla shekara 30. Masana'antu suka garzaya kotu, ana ta yaɗa cewa mutum kusan miliyan 2 za su rasa aiki, tattalin arziki ya yi asarar da za ta kai dala biliyan 90. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a watan Janairun 1975, tana mai cewa inda ilimi bai kai ga tabbaci ba kuma rai na cikin haɗari, hukuma na da ikon ɗaukar mataki. Masana'antun ba su rufe ba. Injiniyoyi suka ƙirƙiro hanyar tsotse ragowar iskar daga cikin robar a sake amfani da ita, da hanyar wanke tukunya ba tare da mutum ya shiga ba. Da ofishin tantance fasaha na majalisar dokokin Amurka ya waiwayi lamarin a 1995, ya tarar kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 300 ba.

Akwai mai cewa idan aka bar hukuma tana hana abu bisa gwajin ɓera, za ta iya durƙusar da sana'o'i a kan zato. Maganar tana da nauyi, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta karkata gare ta a 1980 a shari'ar sinadarin benzin, inda ta ce sai hukuma ta fara nuna cewa haɗarin babba ne. Ban ƙi a nemi hujja ba. Tambayata ita ce wa zai ɗauki nauyin rashin tabbas kafin hujjar ta kammala. Idan aka tsaurara doka bisa kuskure, kuɗi aka yi asara, kuma ana iya sassautawa baɗi. Idan aka sassauta bisa kuskure, hantar mutum ba ta dawowa.

Italiya ta nuna yadda abin ke kasancewa idan aka bari sai bayan mutuwa. A Porto Marghera, kusa da Benis, wani ma'aikaci mai suna Gabriele Bortolozzo ya ga abokan aikinsa na sashen PVC suna ta mutuwa, sai ya shiga bin gidajensu yana rubuta sunaye da ciwon da ya kashe kowa. Wannan jeri ya kai wa mai gabatar da ƙara Felice Casson, aka gurfanar da shugabannin kamfani 28 kan mutuwar ma'aikata 157. A 2001 kotu ta sallame su duka. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta sami biyar da laifi, amma kan mutuwar mutum ɗaya, wanda anjiyosakoma ta kashe. Sauran tuhume-tuhumen, wasu wa'adin shari'a ya wuce su, wasu an kasa danganta su da iskar. Bortolozzo bai ga ko ɗaya daga cikin hukuncin ba, ya rasu a 1995.

Kada mai karatu ya tsorata da bututun gidansa. Haɗarin da na bayyana na wurin da ake haɗa robar ne daga iska. Abin da ya shafe mu shi ne takarda. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta amince da ciwon da aiki ya jawo, ta kuma ɗora wa masu ɗaukar aiki biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun diyya. Amma leburan da ake ɗauka a bakin ƙofa da safe a sallame shi da yamma, ba sunansa a rajista, ba a san sashen da ya tsaya ba, da me zai kafa hujja bayan shekara ashirin? Da me mai ƙididdiga zai yi lissafi?

Saboda haka ina kira ga likitocinmu na asibitocin koyarwa su riƙa tambayar kowane majinyaci sana'arsa da wuraren da ya taɓa aiki, su rubuta a katinsa. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma su buɗe rajistar mambobinsu da ta mamatansu, su nemi a sa adana takardun lafiyar ma'aikaci na shekara 30 cikin duk yarjejeniyar da za su sa wa hannu.