Daga Girku Zuwa Doro

A ranar jubili mutane sun saba ƙidaya majami'u da makarantu da asibitoci. Amma ya kamata mu da ke zaune a Basunda da ƙasar Gadarif mu san yadda aikin nan ya fara, gama da kaburbura ya fara.

A zamanin da, Turawa su kan kira dukan ƙasashen baƙar fata tun daga Kwara har zuwa Nilu da suna Sudan. Watau Kano da Zazzau da Gadarif duk suna ciki. Wani saurayi mutumin Kanada, Walter Gowans, ya ji nauyin ƙasashen nan a zuciyarsa, amma ba ƙungiyar Mishan ko ɗaya da ta yarda ta aike shi. Uwarsa ce ta yi wa Rowland Bingham magana har ya yarda ya bi shi, Thomas Kent mutumin Amurka kuwa ya zama na ukunsu. Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893, ba kuɗin kirki, ba mai goyon bayansu. Turawan Mishan da suka tarar a can suka gaya musu a fili ba za su ga Sudan da idonsu ba.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kā da Bingham, sai ya tsaya a Ikko domin ya riƙa aika musu da kaya. Gowans da Kent suka nufi arewa. Gowans ya kai Girku a ƙasar Zazzau, mahara masu kama bayi suka faɗa wa garin, kayansa suka salwanta, ciwo kuma ya ci ƙarfinsa. A nan ya mutu cikin Nuwamba 1894, nesa da danginsa. Kent ya mutu a Bida cikin Disamba na shekaran nan. Ko mutum ɗaya ba su yi wa baftisma ba.

Bingham ya koma Kanada a 1895, ya tafi gidan uwar Gowans da ɗan abin da ya rage na kayan ɗanta. Matar nan ba ta zarge shi ba. Ta nuna masa ta fi so ɗanta ya mutu shi kaɗai a Sudan cikin biyayya, da ya zauna gida lafiya yana ƙin kiran Ubangijinsa. Shi kuwa Bingham bai ɓoye ba, ya rubuta daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe. Ni a ganina wannan ya fi dukan labarin amfani gare mu. Akwai masu koyarwa cewa mai bi na gaskiya ba ya baƙin ciki, ba ya tambaya. Ga mutumin da ya kafa Mishan ɗin kansa, ya yi tambaya, ya koma ga Littafi Mai Tsarki yana bincike. A 1921 ya buga littafi a kan batun warkaswa, ya nuna ƙin shan magani ba shi ne bangaskiya ba.

A 1900 ya sāke tasowa da abokai biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sāke kama shi a Ikko, aka sa shi a jirgi aka mai da shi gida. Abokan nan biyu suka karaya, suka bi jirgi na gaba. Shekara bakwai ke nan, faɗuwa biyu. Sai a tafiya ta uku aka kafa tasha a Patigi cikin Nufawa a 1902. Cikin shekaran nan kuma likita Andrew Stirrett ya zo, wanda ya yi aiki cikin Hausawa har mutuwarsa a 1948. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, Ekklesiyar ECWA kuwa ta tsaya da ƙafarta a 1954.

Yanzu bari mu matso kusa da gida. Wanda ya bi hanyar Galabat ya ƙetare zuwa Matamma ya shiga Habasha. Can a kudancin ƙasar Mishan ta fara aiki a 1927 ta hannun likita Thomas Lambie. Italiya ta kawo yaƙi a 1935, a 1937 kuwa aka fitar da Turawan Mishan daga Soddo a ƙasar Wolayta. Masu bi 48 kaɗai suka bari waɗanda aka yi wa baftisma, da ɗan guntun Littafi cikin harshensu. Masu fita suna kuka, suna tsammani aikin shekara goma ya rushe. Masu bin nan suka sha bulala da kurkuku, musamman wani mai bishara, Wandaro. Amma sa'ad da aka kori Italiya, 'yan Mishan suka komo, suka tarar da masu bi wajen dubu goma. Ba Bature ko ɗaya a cikinsu dukan shekarun nan. Ƙauye ya kai wa ƙauye labari.

Korar nan ce kuma ta kawo aikin ƙasarmu. Waɗansu da aka fitar daga Habasha suka shigo Sudan, suka buɗe tashoshi cikin Maban da Uduk da Dinka. Ran 23 ga Agusta, 1940, jiragen saman Italiya suka zuba bom a tashar Doro, likita Robert Grieve da matarsa Claire suka mutu, ba su daɗe da zuwa ba. Cikin shekaran nan sojan Italiya suka kama Kasala da Galabat, tsofaffin wannan yanki sun ji ƙarar bindigogin. Kada mu yi saurin cewa mun gane dalilin mutuwar likitan nan. Maban suna bukatar likita, aka ɗauke shi. Abin da muka sani shi ne, aikin Doro bai ƙare da mutuwarsu ba.

Bingham ya rasu cikin Disamba 1942, yana gab da cika shekara hamsin da saukarsa Ikko. Bai ga abin da ya faru a 1964 ba, sa'ad da gwamnatin Abbud ta kori dukan Turawan Mishan daga kudancin Sudan. Wannan karo an riga an san labarin Wolayta. Dattawan ƙasa suka riƙe Ekklesiyar da a ke kira Sudan Interior Church cikin yaƙi da gudun hijira, Doro kuwa tun 2011 tana cikin ƙasar Sudan ta Kudu.