Tsohuwar Manhajar Banki da Jarrabawar Maiduguri

"Babu netwok" ita ce amsar da mai ajiya ya fi ji a bakin kantar banki, kuma mu da ke aikin bayan fage mun san sau da yawa ba layin sadarwa ne ya yanke ba. Wata tsohuwar manhaja ce a Legas take nishi a ƙarƙashin kayan da ba a gina ta don ɗauka ba. Da zarar ƙorafi ya yi yawa, sai shugabanni su ce a tumɓuke ta a sayo sabuwa. Ni a ganina wannan shawara ta fi kowace tsada, kuma ba kasafai take zama ta farko da ya kamata a ɗauka ba. Tsufa ba shi ne ciwon manhaja ba. Ciwonta shi ne an ɗinka ta a kan zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa, layi ba ya yankewa, dala kuma ba ta tashi, kuma babu garin da ya ƙaryata wannan zato kamar Maiduguri.

Kafin shekarun 1990 asusun mutum yana cikin babban littafi ne a reshen da ya buɗe shi. Ɗan kasuwar da ya sayar da busasshen kifin Baga a Onitsha sai ya ɗauro kuɗinsa a jiki ya biyo hanya. Sababbin bankunan da suka ɓullo bayan sassauta dokokin 1986 su ne suka fara haɗa rassa da kwamfuta, har ya zama ana zuba kuɗi a wani gari a cira a wani. Rassan nesa irin na Borno ta tauraron ɗan'adam ake haɗa su, layi siriri mai tsada, don haka manhajojin wancan zamani suna da tsimi: kaɗan suke aikawa, kuma nauyin lissafi suna barinsa sai dare, bayan an rufe ƙofa, sannan a daidaita hada-hadar yini gaba ɗaya. Wannan aikin rufe rana yana nan har yau a cikin yawancinsu, alhali yanzu babu lokacin da ake rufe ƙofa.

Babban rikicin ya samo asali ne daga 2004, lokacin da Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ɗaga jarin da ake bukata daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. A takarda haɗewa ce, amma a ɗakin kwamfuta bankuna huɗu ko biyar ne, kowanne da manhajarsa da salon lambar asusunsa, aka cusa su cikin riga ɗaya cikin gaggawa. Daga nan aka yi ta ɗora hawa a kan hawa: tura kuɗi nan take na NIBSS a 2011, lambar BVN a 2014, asusun bai-ɗaya na gwamnati ta hanyar Remita a 2015, ga manhajar waya, ga lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya, ga masu POS a kowace kwana. Kowane hawa yana aika tambayarsa ga tushe guda, tushen da aka aza don ma'aikacin kanta mai shigar da takarda ɗaya bayan ɗaya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tona asiri. Jama'a suka koma tiransifa dole, na manyan bankuna ya riƙa maƙalewa, ciniki ya koma hannun OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda ba su gaji wannan tarkace ba.

Sai maganar kuɗi. Kusan duk manhajojin tushen na waje ne: Finacle ta Infosys daga Indiya, Flexcube ta Oracle, T24 ta Temenos daga Suwizalan. Da dala ake biyan lasisinsu, kuma ba sau ɗaya ba. Oracle, alal misali, tana karɓar kusan kashi 22 cikin ɗari na kuɗin lasisi duk shekara a matsayin kuɗin kulawa, lasisin rumbun bayanai kuma gwargwadon ƙarfin na'urar da aka ɗora shi ake ƙirga shi. Ma'ana, idan manhaja ta yi nauyi ka ce bari ka ƙaro na'ura, ka ƙaro wa kanka haraji na har abada. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin lasisin ya ninka sau uku ba tare da an sayi komai sabo ba. A shekarar 2024 ɗin Sterling ya bar T24 ya koma SeaBaaS da aka gina a gida, GTBank ya bar Basis ya koma Finacle, Zenith ya bar Phoenix ya koma Flexcube. Masu ajiya sun sha kwanaki, wasu makonni, suna fama. Kuma ba a nan kaɗai ba ne: ƙaurar bankin TSB na Birtaniya a 2018 ta toshe wa mutane kusan miliyan 1.9 asusunsu, ta ci fam miliyan 330, ta tafi da kujerar shugabansa.

Aikin da ya fi biya ba shi da kwarjini, shi ya sa ba a kai shi gaban hukumar daraktoci da alfahari. A auna tukuna. Kusan kullum za a tarar tambayoyi kaɗan ne ke cinye yawancin ƙarfin rumbun bayanai, kuma fihirisa guda da aka sa a inda ya dace kan mayar da aikin minti zuwa na daƙiƙa. A kwashe bayanan shekara goma da suka wuce zuwa ma'aji mai arha, don kada mai neman ragowar kuɗinsa na yau ya jira a tsallake tarihin kakansa. A raba mai karatu da mai rubutu, wato duba ragowar kuɗi da buga rahoto su koma kan kwafi, a bar tushen da cira da zubawa kawai. A gutsuttsura aikin rufe rana. A ƙirga lasisin da ake biya ba a amfani da shi, kuma yana da yawa fiye da yadda ake so a faɗa. Bayan haka sai a riƙa zare sassa ɗaya-ɗaya ana sake gina su a gefe, kamar mai gyaran gidan ƙasa da yake sake ɗaki guda iyali suna kwana a sauran.

Inda Maiduguri ta shigo shi ne wajen gwaji. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an kashe layukan waya a Borno. A Janairun 2021 aka tayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris, aka sake tayar da su cikin 'yan kwanaki, gari ya yi watanni a kan janareta, daga baya aka gina tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris ɗin 2023. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni. Manhajar da aka gwada a ofis mai sanyi a Legas ba ta san layin da ke yankewa a tsakiyar ciniki ba. Nan ne ake cire wa mai saye kuɗi, alat bai shigo wa mai shago a Kasuwar Monday ba, a tsaya ana rantse-rantse. Kowane irin wannan ciniki yana jawo ma'aikacin da zai bi sawu, da takardar ƙorafi, da mai ajiyar da zai sake dannawa sau uku ya ƙara wa tushen nauyi. Sa wa kowane ciniki lambar da za ta hana a maimaita shi, da mayar da kuɗi kai tsaye idan ya faɗi, ba sa bukatar sabon tushe.

Za a ce faci yana da iyaka, kuma gaskiya ne. Idan kamfanin da ya ƙera manhaja ya daina toshe ƙofofin ɓarayi a cikinta, ko waɗanda suka san cikinta sun yi ritaya, ko kuma, kamar yadda ake gani yanzu, matasan injiniyoyi sun fice ƙasashen waje, zama a kanta ganganci ne. Ban ce bankunan da suka yi ƙaura a 2024 ba su da hujja ba. Amma wanda bai tsaftace bayanansa ya rubuta ƙa'idojin da ke ɓoye cikin tsohuwar manhaja ba, da dattinsa zai tare a sabon gida, don haka ko mai niyyar ƙaura da wancan aikin zai fara. Wasu kuma za su ce a mayar da komai kan hayar manyan na'urorin Amazon ko Microsoft. Hayar ma da dala ce, kuma manhaja mai ɓarna a can ta fi ɓarna, domin awa-awa ake cajinta. Gina ta gida ita ce ta fi kama hankali ta fuskar dala, sai dai tana bukatar ƙwararrun da za su zauna shekara goma suna renonta, kuma albashin da zai zaunar da su dole ya yi gogayya da na kamfanin waje da zai ɗauki ɗan Jami'ar Maiduguri aiki yana zaune a ɗakinsa a Bulumkutu.