Daga zambar zuwa tiriliyan: yadda manyan lambobi suka sami suna

Makon nan za mu waiwayi tarihin manyan lambobi, domin kullum muna rubuta biliyan da tiriliyan, amma kaɗan daga cikinmu suka san asalinsu da tarkon da ke cikinsu.

Kakanninmu sun yi ƙidaya da gomiya da ɗari da dubu. Da ciniki da karatu suka haɗa mu da Larabawa, sai muka ari ashirin da talatin har zuwa metan. A zamanin wuri, fatake kan ce zambar goma idan suna nufin dubu goma. Iyakar buƙatar kasuwa ita ce iyakar sunayen.

Girkawa ma haka suke, babbar kalmarsu ta tsaya ne a dubu goma. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Arkimidis na birnin Sirakus ya rubuta wa Sarki Gelon wani ɗan littafi don ya ƙaryata masu cewa yashi ba ya ƙirguwa. Ya ɗauki dubu goma sau dubu goma, wato miliyan ɗari, ya mayar da ita tsani, yana hawa mataki bayan mataki. Ya kammala da cewa ƙwayoyin yashin da za su cika sararin samaniya ba za su wuce 1 da sifili 63 a bayansa ba.

Abin da ya sauƙaƙa rubuta irin wannan shi ne sifili da tsarin gurbi na Indiya. Brahmagupta ya bayyana ƙa'idojin sifili a 628, Alkawarizmi ya yi bayanin lissafin Indiya a Bagadaza wajen 825, sannan Fibonacci, wanda ya koye shi a Bijaya ta Aljeriya, ya yaɗa shi a Turai da littafinsa na 1202. Kalmar miliyan kuwa daga Italiya ta fito, ma'anarta babbar dubu.

Rikicin ya samo asali daga Faransa. A 1484 Nicolas Chuquet ya rubuta biliyan da nufin miliyan sau miliyan, sifili 12 ke nan. Daga baya wasu masana lissafi na ƙasar suka rage ta zuwa sifili 9, Amurka ta ɗauki wannan. Ingila ta riƙe tsohuwar ma'ana har 1974, lokacin da gwamnatin Harold Wilson ta bi sahun Amurka. Ita kuwa Faransa ta koma gidan jiya, ta tabbatar da sifili 12 a dokar 1961, ta bar wa sifili 9 sunan miliyar.

Wannan ne ya sa Bahaushen Kano yake cewa biliyan, na Maraɗi kuma miliyar, alhali adadi ɗaya suke nufi: 1,000,000,000. Amma duk wanda ya ga biliyan a rubutun Faransanci ya kwafo ta haka, ya rage kuɗin sau dubu, domin tiriliyan ake nufi. A labarin kasafin kuɗi ko bashin ƙasa, wannan kuskure ya isa ya ɓatar da jama'a, ya kuma zubar da mutuncin marubuci.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Mu duba harshen da muka ɗauko adadi daga gare shi. Mu rubuta alƙaluma kusa da kalma a karon farko. Sannan mu ba mai karatu ma'auni: daƙiƙa miliyan ɗaya ba ta kai kwana 12 ba, daƙiƙa biliyan ɗaya ta haura shekara 31, tiriliyan kuwa ta haura shekara 31,000.

Mene ne dattawan garinku suke kiran miliyan kafin zuwan boko? Ku tambaye su, ku rubuto mana. Allah Ya ƙara basira.